Hannun Jarin Naira Huɗu

"Dubu ɗari tara, Inna! Guda dubu ɗari tara cur za mu samu!"

Ina faɗa ina ɗaga cokali sama, har kunun ya ɗiga a kan zanen gadonta. Inna Hajjo ta bi ɗigon da ido, sannan ta dube ni.

"Ki ba ni kununa tukuna, Safiya. Dubu ɗari tara na mi?"

Na ba ta cokali biyu, ta haɗiye da ƙyar. Wata uku ke nan tana kwance a lokacin, ƙafafu sun kumbura, numfashi sai an tada ta zaune. Asibiti sun sallamo ta da ledar magani, suka ce a kai ta gida ta huta, kuma duk wanda ya ji ya san abin da ake nufi. 'Yarta Hasana ta baro gidanta a Kwalkwalawa ta tare wurin jinya. Ni kuma da safe nakan shigo in karɓe ta, ta samu ta yi wanki da girki. Katanga ɗaya ce tsakanina da Inna Hajjo a unguwar Gidan Dahala, shekara goma sha tara. Ni tela ce, ita mai injin markaɗe. Mun yi faɗa a kan ƙarar inji ya fi a ƙirga, don ni ba a taɓa ni in yi shiru, ita kuma ba ta san ta bar wa kowa magana ba.

Na gyara zama na zayyana mata taron da muka yi jiya Juma'a, wanda ciwo ya hana ta zuwa. Mu mata talatin da bakwai ne a ƙungiyarmu, ita ma tana cikin waɗanda suka kafa ta. Shekara shida muna zubi duk Juma'a, mai ƙosai da mai kitso da mai sayar da ƙanƙara, har kuɗi suka kai naira miliyan uku da dubu ɗari shida. Suna can banki a kwance, tsadar kaya tana cinye su muna kallo. Shi ne muka ce a sa su a hannun jari. Muka kira Jamilu, ɗan Hasana, jikan ita Inna Hajjo, da yake aiki a ofishin dillalan hannun jari. Ya zo mana da kamfani biyu, duk na fasahar zamani, duk an tambayi malamai an ce babu kuɗin ruwa a sana'arsu. Ɗaya mai manhajar aika saƙon kaya ta waya, hannun jarinsa naira huɗu. Ɗayan mai shimfiɗa wayoyin intanet a ƙarƙashin ƙasa, nasa naira ɗari uku da sittin.

"Kin gani, Inna? In munka sayi mai tsadan, guda dubu goma kaɗai za mu samu. Mai arhan kuwa dubu ɗari tara. Ran Litinin ƙarhe goma ni da Hajiya Mariyatu za mu sa hannu a tura kuɗɗin."

Hajiya Mariyatu ita ce shugaba, dillaliyar atamfa da leshi, ni ce ma'aji. Kuɗin ba sa fita sai da hannun mu biyu.

Inna Hajjo ta lumshe ido har na zaci barci ya ɗauke ta. Can ta ce, "Shi maigidan nawa mi yac ce?"

Jamilu take nufi. Tun yana rarrafe take kiransa maigidanta, irin wasan kaka da jika.

"Cewa ya yi yadda munka ce haka za a yi."

"Da yah hwaɗi hakanan, ku shika kallo ko ƙasa?"

Wallahi takalminsa yake kallo. Na tuna ya ɗauko waya ya fara nuna mana wasu haruffa biyu, P da E, da 'yar sanda a tsakaninsu, yana cewa akwai lambar da ya kamata a duba. Hajiya Mariyatu ta ɗaga masa hannu ta ce, "Yaro, mu 'yan kasuwa na tun ba a haihe ka ba. Mun san tsada, mun san arha." Ni kuma da azarɓaɓina na ƙara gishiri, na ce ko ɗan aji ɗaya ya san huɗu ta fi ɗari uku da sittin sauƙi. Mata suka yi tafi. Yaron da aka yi wa tarbiyya, a gaban sa'o'in uwarsa talatin da wani abu, me zai ce? Ya mayar da waya aljihu ya ce to.

Ban gaya mata duk wannan ba, amma ta karanta a fuskata.

"Shi na naira huɗun, nawa shika kawowa a shekara?"

"Ai zai tashi ne, Inna. Kowa maganarsa yake."

"Ba ita nit tambaye ki ba."

Haushi ya kama ni, don na san wannan tambayar. Duk unguwa an san ta da ita. Inna Hajjo ba ta taɓa zama a ajin boko ba, amma ba ta taɓa sayen abin sana'a ba sai ta san shekara nawa zai yi kafin ya mayar mata da kuɗinta. Da za ta sayi injinta na farko, an kawo mata tsoho mai arha da sabo mai ninkin kuɗinsa uku. Ta kwana bakwai tana zuwa ta zauna gefen masu su tana ƙirga kwanon da kowanne yake markaɗawa da man da yake sha, sannan ta sayar da awakinta ta ɗauki mai tsadan. Har mijinta sai da ya yi wata bai kula ta ba. Da injin nan ta aurar da 'ya'ya huɗu, ta kai Jamilu jami'a.

"Inna, wannan ba inji ba na. Abin zamani na, na waya."

"To." Ta juya kai wajen bango. "Ki gaya wa matan ga ina son ganinsu gobe bayan la'asar. Dukansu. Ki ce Hajjo ta na kira. Shi ma maigidan ki ce mai shi taho."

Mai ciwo irin nata in ya ce a tara masa mutane, abu ɗaya ne: neman gafara da sallama. Hawaye suka zubo mini, na manta da haushin da nake ji.

"Kak ki yi min kuka bisa kunu," ta ce. "Gishiri likita yah hana ni."

Ran Lahadi tun kafin a idar da la'asar tsakar gidan ya cika. Bazara ce, zafin Sakkwato na sosai, ga babu wuta tun safe. Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya, waɗanda ba su samu wuri ba suka zauna a bakin rumfar inji. Kowa ya zo da abinsa, mai lemo, mai kankana, mai ƙanƙara a cikin kula, idanu duk sun yi ja tun daga gida. Ni da Hasana da wasu biyu muka ɗauko Inna Hajjo a kan katifa muka jingina ta da matasai uku. Ba ta da nauyi ko kaɗan in ban da ƙafafun. Hajiya Mariyatu ta zauna kusa da kanta tana mata fifita da hannunta, ita da ko a gidanta ba ta yi wa kanta.

Jamilu ya yi sallama ya shigo, ya cire takalmi ya durƙusa can nesa, kai a sunkuye. Shi kaɗai ne namiji.

Aka yi tsit ana jiran ta fara. Inna Hajjo ta tattara numfashi ta ce, "Ku dube shi. Miji sai kwalliya, cehwane babu. Matso nan, malalaci."

Wata ta fashe da dariya cikin kuka. Jamilu ya ɗago kai, murmushi ya ƙwace masa.

"Tsohuwa, ai na sake ki tun bara, ke ce kika ƙi fita."

"Ina zan je? Wa ka ɗaukar sauranka? Matso, in ce."

Ya matso har bakin katifa. Sai a lokacin na gane dabarar. Jamilu ba zai iya musa wa Hajiya Mariyatu ba, ba zai iya musa mini ba, uwarsa ma ko sunansa ba ta kamawa don shi ne ɗan fari. Amma tsakanin jika da kaka babu kunya. A duk gidan nan mutum ɗaya ce zai iya gaya wa gaskiya gatsal a gaban kowa, ba a ce ya yi rashin ladabi ba, kuma ita ce ta kira shi.

"An ce za ka sayo min kaya da kuɗɗina," ta ce. "Ni ma da zubina ciki. Abin ga na naira huɗu, guda ɗaya, riba nawa yas samo bana? Kak ka yi min Turanci."

Jamilu ya saci kallon Hajiya Mariyatu.

"Ni za ka kalla. Ni ta matarka."

"Kwabo biyu," ya ce.

"Naira biyu?"

"Kwabo biyu, tsohuwa. Kunnen ma ya tafi ne?"

"Kunnena lahiya lau, so nika su ji." Ta tsaya ta yi tari, Hasana ta ba ta ruwa. "To jama'a. Naira huɗu kwabo ɗari huɗu na. In abu shina kawo kwabo bibbiyu duk shekara, shekara nawa kahin kuɗɗina su komo?"

Ni kuwa da nake wuni ina raba yadi da inci, lissafin ya faɗo mini a kai kafin in shirya, bakin nan nawa da ba ya jiran izini ya ce, "Ɗari biyu."

Duk aka juyo ana kallona. Na ji kamar in shige ƙarƙashin tabarma.

"Ɗari biyu," in ji Inna Hajjo. "Madalla da ma'aji. Wa ka jira cikinku? Ni dai kun gani, ban da wanga lokaci."

Wannan karon babu wanda ya yi dariya.

"Shi kuma mai tsadan, na ɗari uku da sittin?"

"Naira arba'in da biyar a shekara," in ji Jamilu. Muryarsa ta fara fitowa sosai.

"Safiya?"

"Takwas," na ce, a hankali.

"Ba a ji ki ba can baya. Ran Juma'a an ce har titi anka ji ki."

"Shekara takwas!"

Jamilu ya gyara durƙuso, yana kallon kakarsa amma da mu yake. Ya ce in aka zuba kuɗinmu duka a na naira huɗu, rabon ribar da zai faɗo kan hannun jarinmu a shekara naira dubu goma sha takwas ne. In aka zuba a ɗayan, dubu ɗari huɗu da hamsin. Ya ce kuma ba duka ake miƙo wa mutum a hannu ba, kamfani yana riƙe wani abu don aiki.

"Na sani," in ji Inna Hajjo. "Inji ma shina cin gyara."

Zulaiha mai ƙosai ta ƙirga da yatsu ta ce, "Dubu sha takwas tsakanin mu talatin da bakwai? Ko ɗari biyar-biyar ba ta kai ba! A shekara?"

Gunaguni ya tashi. A nan Hajiya Mariyatu ta ajiye mafici. Ba zan yi mata ƙarya ba, mace ce mai kai, ba a banza ta tara abin da ta tara ba.

"Hajjo, Allah shi ba ki lahiya, amma ki bari in tambaye ki. Ba ke kis sayi karsana da tsada ba, shekarar da anka yi ambaliya, ba ta ba da nono ko cokali? Munka yi miki dariya, ta zo ta haihi bakwai. Wani abin ai gobensa aka saye."

"Gaskiyarki, Mariyatu. Wallahi gaskiyarki." Ta juya ga jikanta. "Ka ji. Ba ta amsa."

Jamilu ya ce Hajiya ta faɗi daidai. Ya ce kamfanonin fasaha haka suke, sau da yawa ana sayensu da tsada saboda ana sa ran ribarsu za ta yi ta ninkawa, shi ya sa in ka ga shekara talatin ko arba'in a kansu ba abin tsoro ba ne, muddin ribar tana hawa da gaske.

"To mu duba haƙoran karsanar," in ji Inna Hajjo. "Bana kwabo biyu. Bara hwa?"

"Kwabo biyu."

"Bara waccan?"

"Uku."

"Mariyatu, tawa karsanar duk wata sai na ƙara mata igiya. Wagga shekara uku tana cin dusa tana ramewa."

Jamilu ya ciro wayarsa, ya miƙa mata kusa da ido. Ya nuna mata haruffan nan biyu da 'yar sandarsu. A gaban kamfani ɗaya an rubuta 200, a gaban ɗayan 8. Ya ce wannan shi ne abin da ya so nunawa ran Juma'a: farashin hannun jari a raba shi da ribar da yake samowa a shekara. Ya ce duk duniya da shi manyan masu kuɗi suke fara auna tsadar kamfani, kuma shi sai da ya yi zango guda a jami'a ana koya masa.

Inna Hajjo ta daɗe tana kallon wayar, ita da ba ta karanta boko.

"Ashe da suna gare shi," ta ce. "Da na sani da ban biya kuɗɗin makarantar ba, sai in zaunar da kai bakin inji."

Aka kwashe da dariya, har da masu share hawaye. Ni kuwa, duk da kunyar da na sha, wani alfahari ya cika mini ƙirji har na rasa inda zan sa kaina. Maƙwabciyata ce wannan. Matar da nake zagi ta kan katanga saboda ƙarar inji, ga shi abin da take yi da kwano da yatsu shi ne a wayar masu digiri.

Ta ɗaga yatsa aka yi shiru. Muryar ta ragu sosai, sai da muka matso.

"Ban ce ku sayi na takwas ba. Shi ma ku tambaya mi as sa anka bar shi hakanan, ko bashi na bisa kainai, ko wata ɓarna na tahe. Ku zauna da yaron ga, ku bar shi shi ƙare magana. Iyakar ta ke nan." Ta numfasa. "Wanda nib ɓata wa, shi yahe min. Ni na yahe kowa, har Safiya."

Nan fa kuka ya ɓarke na gaske. Ana cikin haka Hajiya Mariyatu ta miƙe ta gyara mayafi. Fuskarta ta ɗaure tamau. An ƙaryata ta a gaban matan da take shugabanta shekara shida, kuma ta bakin yaro.

"Mun yahe miki, Hajjo, duniya da lahira. Amma taro ya riga ya yanke ran Juma'a, hannu talatin da ɗaya. Ba a warware maganar ƙungiya wurin dubiya." Ta dube ni. "Ma'aji, gobe ƙarhe goma."

Ta fita, wasu kamar goma suka bi ta.

Ran Litinin ƙarfe tara da rabi motarta ta tsaya a ƙofar shagona. Ta shigo da takardar banki, ta riga ta sa hannunta, ta shimfiɗa ta a kan teburin yanka ta ɗora biro. A bayana, a rataye, ɗinkin bikin 'yarta Muhsina ne kala goma sha huɗu, aikin da nake sa ran in biya hayar shago da shi. Ita ta sani, ni na sani.

"Sa hannu mu tahi, rana na yi."

"Hajiya, ba ni sawa."

"Mi kic ce?"

"Na ce ba ni sawa, sai an sake zama."

"Ke? Ke da kih hi kowa zaƙewa ran Juma'a? Ba ke kic ce ko ɗan aji ɗaya ya sani ba?"

"Ni nic ce. Wauta na yi, kuma gaban mutane na yi ta, in an taru gaban mutane zan janye ta. Amma kuɗɗin Zulaiha na ciki, shekara shida tana tsaye gaban wuta. Ba ni kai su inda sai jikan jikan jikanta zai ga sun komo."

"Tsohuwa na magagin ciwo, kun ɗauka wahayi na."

Nan raina ya ɓaci. Na ce, "Hajiya, ki ce min lissahin ƙarya na, in sa hannu yanzu. Ɗari huɗu a raba biyu. Ki hwaɗa min wata amsa in ba ɗari biyu ba."

Ta naɗe takardar ta sa a jaka, ta kira direbanta ya kwashe ɗinkin Muhsina kaf, har wanda na riga na yanka. Na taya shi ninkewa ma, don kada a ce na ji ciwo. Na ji ciwo kuwa, amma sai da motar ta sha kwana na zauna.

Na rufe shago na shiga gidan Inna Hajjo. Tun asuba ba ta karɓi komai ba, Hasana tana zaune tana ɗiga mata ruwa da auduga a leɓe. Numfashin ya koma sama-sama. Na durƙusa na kai bakina kunnenta.

"Inna, ni ta, Safiya. Ban sa hannu ba. Kuɗɗin na nan."

Na zaci ba ta ji ba. Can sai idon ya ɗan buɗe.

"Ta kwashe ɗunkin?"

"Ta kwashe."

"Za ta maido. Babu mai iya mata wuyan riga in ba ke ba." Sannan ta ce, "Buɗe min tagag ga."

Na buɗe. Babu iskar kirki, sai hayaniyar masu keke daga titi. Hasana ta fara yi mata kalmar shahada tana bi, leɓe kawai ke motsi. Ana kiran azahar a masallacin unguwa ta cika, hannunta ɗaya a cikin nawa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kafin la'asar an yi mata sutura. Ni da Hasana muka tsaya a zaure muna kallo aka fita da ita, Jamilu a gaban makara ya ƙi bari kowa ya karɓe shi. Layin Gidan Dahala ya cika har bakin kwalta. Masu injin markaɗe na unguwanni uku suka kashe injinansu a ranar, ba wanda ya ce su yi. Na yi kuka, amma kaina a sama na yi shi.

Masu tambayata ko kamfanin nan na naira huɗu ya rushe daga baya, a'a, bai rushe ba. Yana nan. An ce ma har ya taɓa naira biyar, kuma akwai matan da har yau in mun haɗu a gidan suna suke harara ta. Su harara. Ribarsa dai na tambayi Jamilu, tana nan inda take.

Ranar sadakar uku tsakar gidan ya sake cika. Ana ta shiga da fita da kwanukan gumba da waina, ni ina gefen randa ina zuba wa baƙi ruwa. Hajiya Mariyatu ta zo tun hantsi, ta yi wa Hasana gaisuwa, ta zauna can ƙarshen tabarma da carbinta. Kwana biyu ko kallona ba ta yi ba, ni ma ban neme ta ba. Da mutane suka ɗan ragu sai na ji an ce, "Ma'aji."

Na je na tsuguna, na shirya wa faɗa.

Ta ciro wata 'yar takarda daga jaka, ta buɗe ta a kan cinyarta yadda ba kowa zai gani ba. Sunayen kamfanoni ne guda biyar da rubutun Jamilu, kowanne da lamba biyu a gabansa, farashi da riba. Ashe ta aika an kira shi gidanta jiya, ta zaunar da shi ya ƙare maganarsa. Ta ce ya rubuta mata lambobin kawai, kada ya raba, ita za ta raba da kanta.

Ta miƙo mini wayarta, ta buɗe wurin lissafi, ba ta dube ni ba.

"Wanne na aka dannawa in za a raba?"

Na nuna mata. Ta sa tabarau, ta ajiye carbin a gefe, ta fara danna lambar farko da yatsa ɗaya, a hankali, leɓenta yana motsi. Na zauna kusa da ita na riƙe mata gefen takardar don kada ta naɗe.